Me Ya Sa Dafin Maciji Ke Saurin Bin Jiki?

Tambaya: Likita, ni manomi ne daga Balan. Da damina da lokacin girbi mutanenmu na Gaya da Ajingi kan haɗu da macizai a gona. Me ke sa ƙafa ta kumbura cikin ɗan lokaci bayan sara, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, Allah Ya tsare. A ƙarƙashin fata akwai wani sinadari mai yauƙi, hayaluronik, wanda ke cike tsakanin ƙwayoyin jiki kamar laka tsakanin tubala. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi a 1934 daga idon saniya. Dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa yana ɗauke da inzayim mai suna hayaluronides, wanda ke narkar da wannan yauƙi, sai dafi ya sami hanya ya bazu.

Jikin ɗan Adam ma yana da nasa irin wannan inzayim, har a kan maniyyi. Yanzu ana sarrafa shi a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin halitta, masu bincike suna nazarin aikinsa da abin da zai iya dakatar da shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa, Hylenex, a 2005, don taimaka wa maganin da aka yi allurarsa ƙarƙashin fata ya shiga jiki. Amma babu nau'insa da ke warkar da saran maciji.

Dafi yana bin magudanan ruwan jiki, motsi kuwa shi ke tura shi gaba. Saboda haka a kwantar da wanda aka sara, a ɗora wa ƙafar kara ko katako don kada ta lanƙwasa, a cire zobe da duk abin da ke matse wurin. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, domin ɗauri na iya kashe ƙafar. Baƙin dutse ba ya janye dafi.

A ɗauke shi zuwa babban asibitin Gaya ba tare da jira ba. Ku nemi a yi gwajin minti 20: idan jininsa bai daskare a kwalbar gilashi ba, alamar dafin kububuwa ce, yana bukatar allurar maganin dafi. In babu ita, a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan take. A gona kuma, a sa takalmin roba mai tsawo, da dare a riƙe tocila.