Wane dutse za ka hau don hoton fitowar rana da faɗuwarta?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya ga duwatsu zube dama da hagu. Abokai kan tambaye ni wanne ya fi kyan hoto, kuma akasari mafi tsawo suke hange. Ni ba tsawo nake fara dubawa ba, abin da ke gaban dutsen nake dubawa. Rana ita kaɗai a sarari ba hoto ba ce, sai ta sami abin da za ta faɗa bayansa: kuka, hasumiyar masallaci, garken shanu, ko ruwa irin na madatsar Zoɓe da ke kudu da gari.

Shi kansa dutsen da garin ya ci sunansa, na maharbin nan Ma, in ka hau shi ka fitar da shi daga hotonka ke nan. In shi kake so, tsaya yamma da shi da asuba, ko gabas da shi da yamma, zai fito baƙi ƙirin, sama ta yi ja a bayansa.

Kuma rana ba waje ɗaya take ɓullowa ba. A watan Yuni tana karkata arewa da gabas da kimanin digiri 24, ta fito wajen 6:05. A Disamba ta karkata kudu da kamar haka, a Janairu kuwa sai wajen 6:55 za ka gan ta. Saboda haka je ka ga wurin da rana tsaka tukuna, ka buɗe kamfas ɗin wayarka. Lokacin hunturu hazo kan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba. Na fi son Satumba da Oktoba: ga gajimare, ga kore, iska ta wanku. Sai dai dutse in ya sha ruwa santsi gare shi, kuma macizai na son kogo. Silifas dai a bar shi a hostal.

A nan duhu ba ya jira. Minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Dutsen da saukarsa ta wuce minti goma, bar wa safiya.

Batun tsaro ba wasa ba ne a yankin nan, musamman yamma, wajen Safana da dajin Rugu. Baƙo a kan dutse riƙe da kyamara, ba wuya a ɗauke shi infoma. Ni ba na wuce bakin gari, ba na tafiya ni kaɗai, kuma sai na gaida mai unguwa na gaya masa abin da ya kawo ni. Daga sama kana hango tsakar gidajen mutane, mata na aikinsu. Juya kyamararka wani wajen.