Hanyar Shiga Makarantar Soja

Yara da yawa suna son zama soja. In sun ga sojoji cikin kaki suna maci, sai kowa ya ce: "Ni ma in na girma soja zan zama." Wannan buri ne mai kyau. Sai dai waɗansu suna tsammani ƙarfin jiki kaɗai ake nema. Suna cewa wanda ya iya kokawa da gudu ya gama shiri. A cikin wannan darasi za mu ga makarantar soja da yadda ake shigarta. Za mu ga cewa kafin a duba ƙarfin yaro, sai an duba takardunsa, da karatunsa, da lafiyarsa.

1. Makarantar soja ta Yamai

A birnin Yamai akwai makarantar sakandare ta soja. Da faransanci ana ce mata Prytanée militaire de Niamey, a taƙaice Piritane. An buɗe ta a shekara ta 1996. Tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa. Yaran da suka gama aji shida na firamare, wato CM2, su ne suke shiga gasar neman gurbi a cikinta.

A Piritane ana karatu irin na sauran makarantun ƙasa: shekara 4 na kwaleji, a yi jarabawar BEPC, sa'an nan shekara 3 na lise, a yi bakaloreya. Ana koyon faransanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da kimiyya. Bayan wannan akwai horon soja: maci, da motsa jiki, da bin umurni, da kiyaye lokaci. Ɗalibai suna sa kaki. A makaranta suke ci, a nan suke kwana. Suna tashi tun da asuba, kowa ya gyara gadonsa, ya tsabtace wurinsa da kansa. Akwai kuma yaran waɗansu ƙasashen Afirka da suke zuwa karatu tare da ƴan Nijar.

Daga Madarunfa zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600. Sai an bi ta Maraɗi, da Gidan Runji, da Madawa, da Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Yaron da ya ci gasa zai bar uwa da uba da ƙanne, sai lokacin hutu ya gan su. Wannan ma wani abu ne da ya kamata a yi tunaninsa tun da wuri.

2. Asalin irin wannan makaranta

Irin wannan makaranta ta daɗe a duniya. A ƙasar Faransa akwai wata a garin La Flèche, wadda ta zama makarantar soja a 1808, zamanin Napoliyon. A lokacin mulkin mallaka Faransawa suka buɗe irinta a Afirka ta Yamma. Sun buɗe ɗaya a San Luwi ta ƙasar Senegal a 1923, da ɗaya a Benjarbil ta Kodibuwa a 1939, da ɗaya a Wagadugu a 1951. Akwai kuma ta garin Kati a ƙasar Mali.

A wancan zamani yaran Nijar da suke son wannan karatu sai sun fita waje. Saini Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi karatu a Kati da San Luwi. Ali Shaibu, wanda ya gaje shi, shi ma ya yi karatu a San Luwi.

Maƙwabtanmu na Nijeriya su ma suna da tasu. Akwai makarantar soja ta yara a Zariya, wadda aka kafa a 1954. Akwai kuma babbar makarantar horar da hafsoshi a Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

3. Abu na farko: takardu

Duk gasar shiga makarantar soja tana farawa da sanarwa. Sanarwa ita ce take faɗin shekarun da ake karɓa, da takardun da za a kawo, da ranar da za a rufe karɓar su. Shugaban makarantarku da ofishin masu duba makarantu su ne za ku tambaya.

Uwar takardu duka ita ce takardar haihuwa. Ita ce take nuna sunan yaro, da sunan iyayensa, da garin da aka haife shi, da shekarunsa. In an haifi jariri, iyaye suna sanar da haihuwar a gidan likita ko wurin mai rubuta haihuwa na ƙauye, daga baya ma'aikatar magajin gari ta ba da takarda. In aka yi sakaci lokaci ya wuce, sai an je gaban alƙali ya yi hukunci kafin a samu takardar. Wannan yana cin kwanaki. Haka kuma takardar shaidar ɗan ƙasa, a kotu ake samunta, kuma ba a ba da ita sai an nuna takardar haihuwa.

Saboda haka kada ku jira sai an yi sanarwa. Yau in kun koma gida, ku tambayi baba ko inna: "Ina takardata ta haihuwa?" In akwai, ku karanta ta da kyau. Ku duba ko sunan da ke cikinta daidai yake da sunan da ke cikin rajistar makaranta. Harafi guda in ya bambanta yana iya kawo gardama. In babu, ku gaya wa malaminku, shi zai nuna wa iyayenku hanyar da za su bi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kada kowa ya yarda a rage masa shekaru a takarda. Kada iyaye su ba wani kuɗi don ya ce zai samo wa ɗansu gurbi. Wannan laifi ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

4. Abu na biyu: karatu

Gasa ta bambanta da jarabawar aji. A jarabawar aji, duk wanda ya samu matsakaicin maki ya wuce. A gasa kuwa gurabe ƙididdigaggu ne. Yara suna fitowa daga jahohi takwas na ƙasa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Ana jera su bisa ga makinsu, a ɗauki na sama. Yaro yana iya yin ƙoƙari ƙwarai, amma wani ya fi shi da maki guda.

Faransanci da lissafi su ne ginshiƙan gasar. Dole yaro ya iya karanta labari ya gane shi, ya amsa tambayoyi a kansa, ya yi rubutu ba kurakurai da yawa. Dole ya iya tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa, ya kuma iya warware matsalar lissafi mataki-mataki.

Ku ƴan aji mai harshe biyu kuna da wata riba. Kun fara koyon karatu da lissafi da Hausa, harshen da kuka tashi da shi. Abin da mutum ya gane da harshensa yana zama a kansa. Sauran aiki shi ne ku mayar da shi cikin faransanci. In an ba ku matsalar lissafi, ku faɗa wa kanku ita da Hausa har ku gane abin da ake nema, sa'an nan ku rubuta amsa da faransanci.

5. Abu na uku: lafiya

Wanda zai shiga makarantar soja sai likita ya duba shi. Ana auna tsawonsa da nauyinsa, ana duba idonsa, da kunnensa, da haƙoransa, da ƙirjinsa. Rayuwar makarantar tana da wuya, jiki mai ciwo ba zai jure ba.

A ƙasarmu ta Madarunfa akwai cututtuka biyu da suke damun yara ƙwarai. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda yake yawaita da damina. Maganin kariyarsa shi ne kwana cikin gidan sauro kowane dare. Na biyu tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwan tabki da kududdufi. Tana shiga ta fatar mai wanka ko mai kamun kifi. Tana rage jini, tana sa kasala. Tabkinmu arziki ne, yana ba mu kifi da ruwan lambu, amma duk yaron da ya ga jini a fitsarinsa kada ya ji kunya, ya faɗa a kai shi gidan likita. Cutar tana da magani.

6. Yadda wata ƙasa take yi

Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa mu ga yadda matasanta suke shiri. A Amurka akwai babbar makarantar hafsoshi da ake kira West Point, a jahar Niyok, bakin kogin Hudson. An kafa ta a 1802. Tun 1976 take karɓar ƴan mata. Ita sai wanda ya gama lise yake shigarta, yana da shekara 17 zuwa 22. Ana duba makinsa, da lafiyarsa, da ƙarfin jikinsa, da halinsa. Yawancin masu nema sai sun samu takardar gabatarwa daga wani ɗan majalisar dokoki. Karatun shekara 4 ne, ba a biyan kuɗi, amma wanda ya gama zai yi wa ƙasarsa aikin soja na shekara 5 aƙalla.

Wannan makaranta tana da wata dabara. A farkon babban hutu tana gayyatar ƴan lise waɗanda shekara guda ta rage musu, su zo su yi mako ɗaya a cikinta. Su ma sai sun rubuta takardar nema an zaɓe su. Suna kwana a ɗakunan ɗalibai, suna tashi da asuba, suna motsa jiki, suna shiga aji, suna koyon maci. Manyan ɗaliban makarantar ne suke kula da su. Zuwa wannan mako ba ya ba mutum gurbi a makarantar. Amfaninsa shi ne yaro ya ɗanɗana rayuwar soja kafin ya ɗauki alkawari. Wani in ya koma gida sai ya ƙara himma. Wani kuwa sai ya gane wannan hanya ba tasa ba ce, ya nemi wata.

7. Babban hutunmu

Mu ma muna da babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba. Lokacin damina ne, lokacin noma. Duk mai son makarantar soja yana iya gwada kansa a cikinsa, yana gida. Ya tashi da asuba ba tare da an tashe shi ba. Ya gyara shimfiɗarsa, ya wanke tufafinsa da kansa. Ya tafi gona ya gama kuyyar da aka ba shi ba ƙorafi. Da yamma ya ɗauki littafi, ya karanta shafi guda na faransanci, ya yi matsalar lissafi biyu. Ku haɗu ku uku ko huɗu, wani ya karanta dikte, sauran su rubuta, sa'an nan ku gyara wa juna. Wanda ya jure wannan wata uku ya san wani abu game da kansa.

8. A yi shawara

Aikin soja aiki ne mai daraja, kuma mai haɗari. Sojoji suna tsaron iyakokin ƙasa, suna kare mutane da dukiyarsu. Cikinsu akwai likitoci, da injiniyoyi masu gina hanya da gada, da matuƙan jirgin sama. Waɗansu suna ba da ransu a bakin aiki. A watan Disamba na 2019 sojojinmu 71 suka rasu a Inates, cikin jahar Tilaberi. Don haka ba a shiga wannan hanya don sha'awar kaki. Sai yaro ya zauna da iyayensa da malaminsa an yi shawara.

Wanda bai ci gasa ba kada ya karaya. Ya ci gaba da kwaleji. A gaba akwai makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, da makarantar hafsoshi ta Yamai, kowace da gasarta. Malami, da manomi, da likita, da makiyayi, duk suna yi wa ƙasa aiki. Takardar haihuwa, da karatu, da lafiya za su amfane ku a kowace hanya kuka bi.

Kalmomi

gasa: concours
gurbi: place
hafsa: officier
takardar haihuwa: acte de naissance
takardar shaidar ɗan ƙasa: certificat de nationalité
tsargiya: bilharziose

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe Piritane ta Yamai?
2. Waɗanne abubuwa uku ake dubawa kafin a ɗauki yaro?
3. Mene ne bambancin gasa da jarabawar aji?
4. Yaya ake kamuwa da tsargiya?
5. Mene ne amfanin makon da ƴan lise suke yi a West Point?

Aiki

1. Shekara nawa ne tsakanin buɗe makarantar San Luwi da buɗe ta Yamai?
2. Yaro ya shiga Piritane yana da shekara 12. In bai maimaita aji ba, shekararsa nawa lokacin da zai gama?
3. Ku kwafo sunanku, da ranar haihuwarku, da garin haihuwarku daga takardarku ta haihuwa. Ku rubuta su da Hausa, sa'an nan da faransanci.