Darasi Na 18: Uba Da Ɗansa Wurin Harbin Talotalo

Kowa ya san talotalo. In ya ga mutane sai ya kumbura, ya baza wutsiya, ya ja fikafikai a ƙasa, yana taƙama kamar ɗan sarki ranar salla. Amma ba wanda ya taɓa ganin talotalo a dajinmu, domin baƙo ne a nan. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne. Mutanen ƙasar Meziko su suka fara kiwonsa a gida. Wajen shekara 500 da suka wuce, mutanen Sifen suka ɗauke shi cikin jiragen ruwa suka kai Turai. Daga can ya bazu, har ya iso gare mu.

'Yan'uwansa na daji suna nan a Amurka har yau. Yadda muke da zabon gida da zabon daji, haka su ma suke da talotalon gida da na daji. Na daji ba shi da nauyin jiki. Da ƙafa yakan yi gudun mil 20 cikin awa ɗaya. In ya tashi sama yakan kai mil 50, ko da yake ba ya nisa. A kan itace yake kwana. Idonsa kuwa, ko yatsa ka motsa ya gan ka.

A ƙasar nan tasu, ba a harbin talotalo sai da lasisi, kuma sai lokacin da hukuma ta yarda. Babban lokacin shi ne wajen watan Afrilu da Mayu, sa'ad da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho. Jihohi da yawa sukan keɓe kwana ɗaya ko biyu kafin lokacin, su ce na yara ne. A ranakun nan yaro ne mai harbi. Babba rakiya ce tasa, kuma tilas ya zauna kusa da yaron. 'Ya'ya mata ma sukan je.

To, bari mu bi wani uba da ɗansa mai shekara 12, mu ga yadda suke yi.

Shiri ya fara tun da wuri. Uban ya kai yaron wurin da ake koya wa sababbin maharba doka da riƙon bindiga. Ya samo masa ƙaramar bindiga wadda ba ta dukan kafaɗa ƙwarai. Ya zana kan talotalo a takarda, ya kafa a nesa, yaro ya yi ta gwada hannunsa. Ran nan da za su fita, ya duba tufafin yaron ɗaya ɗaya. Sai masu launin ganye da ƙasa. Ba ja, ba fari, ba shuɗi. Ko hankici ja ne a aljihu, sai a cire. Me ya sa? Domin kan namijin talotalo launi uku ke gare shi: ja, da fari, da shuɗi. Wani maharbi mai gaggawa yana iya hango jan ƙyalle cikin ganye, ya ce ga talotalo.

Sun tashi tun kafin asuba. Sun shiga daji cikin duhu, ba magana. Uban ya tsaya, ya yi kuka irin na mujiya. Can nesa, a kan itace, namijin talotalo ya amsa da tasa cara. Halinsa ke nan a wannan lokaci na shekara: in ya ji ƙara sai ya amsa, ya tona asirin makwancinsa.

Yaro ya ce, "Baba, mu matsa kusa."

Uban ya ce, "A'a. Nan za mu zauna. Shi zai zo."

Suka sami ƙaton itace wanda kaurinsa ya fi faɗin kafaɗarsu, suka jingina da shi. Itacen nan garkuwa ne, ko da wani zai yi harbi ta bayansu.

Wannan ya bambanta da farautarmu. Mu mukan fita da gayya, da karnuka, da kiɗa, da ihu. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, wanda ya ci talotalon daji, zama ya ci. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne maharbi mai kan burtu, wanda yakan ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya sunkuya, namun daji su ɗauka burtu ne. Duka biyu dabara ce ta ruɗi. Amma shi mai burtu yana bin nama, wannan kuwa kiran naman yake yi.

Ga abin kiran. Ɗan akwati ne na katako mai murfi. In an goga murfin a bakin akwatin, sai ya yi kuka kamar na macen talotalo. Waɗansu kuma allon dutse suke karta da ɗan tsinke. Uban ya goga sau uku ko huɗu, ya yi shiru. Wanda bai ƙware ba yakan yi ta gogawa, har tsuntsu ya gane.

Gari ya waye. Awa ɗaya ta wuce. Ƙafar yaro ta yi tsami, sauro yana cizonsa, ba damar kora. Can sai ganye ya motsa, aka ji kukan talotalo kusa. Yaro ya kai yatsa ga kunamar bindiga. Uban ya dafa masa gwiwa, ya yi masa raɗa: "Me ka gani?"

"Ban gani ba, Baba. Na dai ji."

"To, ɗauke yatsanka."

Wannan ita ce doka mafi girma a harbin talotalo, kuma saboda ita uba yake zama kusa da ɗansa. Ku tuna, kowane maharbi a dajin nan ya ɓuya cikin ganye, yana kuka kamar talotalo. Kukan da ka ji, mai yiwuwa mutum ne da akwatinsa. An sha harbin mutane ta haka. Gani ya kori ji. In kuwa ka hangi wani maharbi yana tahowa, kada ka ɗaga masa hannu, domin motsi yake jira. Yi masa magana da ƙarfi, da muryar mutum.

Tsuntsu ya fito fili. Ashe mace ce. Ta yi kiwonta, ta wuce ta gabansu. Ba a taɓa ta ba. A wannan lokaci mai gemu kaɗai aka yarda a harba. Gemun talotalo ba a haɓa yake ba, a ƙirji yake, kamar ɗan tuntun gashin doki. Mace kuwa ƙwai za ta yi, 10 ko 12, a ƙasa cikin ciyawa, ta yi kwanci kwana 28. Wanda ya kashe ta ya kashe garke guda.

Mutanen Amurka ba su koyi wannan da sauƙi ba. A dā talotalo ya cika dazuzzukansu. Suka yi ta sare daji, suka yi ta harbi rani da damina, suna kai wa kasuwa. Wajen shekarar 1930 tsuntsun ya ƙare ƙaf a jihohi da yawa. Waɗansu masana sun ƙiyasta cewa abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce 30,000 ba.

A shekarar 1937 aka yi doka: harajin da ake karɓa a kan bindiga da harsashi a ba jihohi, su yi aikin raya namun daji da shi. Watau maharbi ne ke biya. Da fari suka gwada kiwon talotalo a keji, su sake shi a daji. Aikin banza. Tsuntsun da ya tashi a keji bai san dila ba, bai san neman abinci ba, sai ya mutu. A shekarar 1951, a jihar Karolina ta Kudu, aka sami dabara. Sai a zuba hatsi, talotalon daji su taru, a harba babbar raga da 'yar igwa ta rufe su. Sa'an nan a kwashe su da rai, a kai dajin da babu ko ɗaya. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Yanzu akwai wajen miliyan 6, a jihohi 49 cikin 50. Alaska kaɗai ba ta da shi. Duk da haka ba a saki jiki ba. A 'yan shekarun nan an ga suna raguwa a waɗansu jihohi, sai aka rage yawan da mutum ɗaya zai harba.

Mu koma gindin itace. Hantsi ya yi, sai ga namiji ya biyo sawun macen, ya baza wutsiya, gemu yana lilo. Uban ya bari har ya shigo cikin yadi 30, domin harbi daga nesa rauni kawai yake yi wa tsuntsu, ya je ya mutu a banza. Ya duba bayan tsuntsun, ya ga ba kowa. Sa'an nan ya ce, "Yanzu, ɗana. Auna wuya." Yaro ya harba, tsuntsu ya faɗi.

Kafin su ɗauke shi, yaro ya cire sauran harsashi daga bindiga. Ya fito da 'yar takardar da aka ba shi tare da lasisi, ya rubuta rana da wata, ya ɗaura a ƙafar tsuntsun. A jiharsu, ma'aikacin daji yana iya tare su a hanya ya duba takardar nan. In babu, sai tara. Da sun isa gida kuma za su sanar da hukuma, domin ta san nawa aka harba bana.

Tambayoyi

1. Waɗanne launuka uku ne maharbin talotalo ba ya sawa? Don me?
2. Me ya sa uban ya hana ɗansa harbi sa'ad da suka ji kuka cikin ganye?
3. A wane wata zabon daji yake ƙwai a wajenku? Ku rubuta sunan watan.