Kafin Ka Sauya Giyar Tsohon Keken Tsere

Yawancin kekunan tsere na shekarun 1970 da 1980 sun zo da faifan gaba biyu masu haƙora 52 da 42, na baya kuwa mafi girma bai cika wuce 24 ba. Shi ya sa hawan tudu ke cin gwiwa.

Fara da baya, domin can ne gyaran ya fi araha. Jerin faifai mai haƙora 14 zuwa 28 zai sauƙaƙa maka hawa sosai. Ka haɗa da sabuwar sarƙa, don tsohuwa takan yi tsalle a kan sababbin haƙora. Mai gyara kuma ya duba ko hannun da ke kai sarƙa zai iya ɗaukar 28.

Sannan ka auna faɗin wurin da tayar baya ke shiga. Milimita 120 na giya biyar ne, 126 na shida ko bakwai, takwas zuwa sama kuwa sai 130. Firam ɗin ƙarfe yakan jure a buɗa shi kaɗan. Na alminiyam kada ka kuskura, tsagewa zai iya yi.

In har yanzu tudu na wahalar da kai, sa faifan gaba biyu masu haƙora 50 da 34. Tsohon maɓallin giya marar ƙas-ƙas kuwa ka bar shi, yana aiki da kusan kowane jeri.