Gishirin Jiki Da Saƙon Jijiya

Jama'a, in mutum ya taka ƙaya, kafin ya ce wayyo ya riga ya ɗaga ƙafa. Jijiya ce ta kai labari. Jijiya iri biyu ce, akwai ta jini, akwai ta saƙo. Ta saƙo farin zare ce siririya, daga ƙwaƙwalwa da lakar baya ta ke fitowa, ta bazu ko'ina cikin jiki. Saƙon da ke bin ta kuwa wutar lantarki ce 'yar kaɗan, wadda jiki ya ke yi da gishiri.

Inda wutar ta ke fitowa

Jikinmu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da tantani kewaye da ita, kamar tantanin ƙwai. Akwai ruwa ciki da waje, kowane da irin gishirinsa. A waje sodiyam ya fi yawa, watau wanda ke cikin gishirin miya. A ciki fotasiyam ya fi yawa, wanda mu ke samu daga ayaba da wake da dankali da ganyen miya.

Jikin tantanin akwai wani abu kamar famfo, dare da rana yana fitar da sodiyam 3, yana shigo da fotasiyam 2. Wani likita a Danmak mai suna Skou ya gano shi a 1957. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ke tara wuta, kamar ruwan da manomin fadama ya datse. Ƙarfinta wajen kashi 1 ne cikin 20 na batirin tocila.

Yadda saƙo ya ke tafiya

Tantanin yana kuma da ƙofofi. Da ƙaya ta soki fata, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwarara ciki, wutar wurin ta juya. Nan da nan sai su rufe, na fotasiyam su buɗe, wurin ya koma yadda ya ke. Duk wannan cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Juyawar nan ita ke buɗe ƙofofin da ke gaba, su kuma su buɗe na gabansu, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa. A manyan jijiyoyi saƙo ya kan yi mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya ta agogo, watau sakan. Turawa biyu, Hodgkin da Huxley, su ne suka auna wannan a Ingila, a jijiyar wata dabbar teku, suka bayyana shi a 1952.

Da irin wannan wuta zuciya ta ke bugawa, hanji ya ke motsi, hannu ya ke ɗaukar fartanya.

Abin da gudawa ta ke yi

To, ga dalilin wannan darasi. Gudawa da amai suna kwashe ruwan jiki tare da sodiyam da fotasiyam. In gishirin ya ragu, wutar ta kan rikice. Yaro ya yi laushi, ya kasa riƙe wuya, ciki ya kumbura don hanji ya daina motsi, bugun zuciya ya birkice, wani har ya yi jijjiga. Kwalara ta kan kashe babban mutum ma cikin yini guda ta wannan hanya. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya tafi.

Abin da mai gida da uwar gida za su yi

1. Da gudawa ta fara, a karɓo ƙunshin garin gishiri da sukari daga asibiti ko ɗakin shan magani. Akwai fotasiyam cikinsa. A zuba ƙunshin cikin ruwa mai tsabta gwargwadon da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1.

2. In babu, a sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce. Kada a cika cokali da tozo. Sukarin shi ke taimakon hanji ya sha gishirin.

3. Kada a ƙara gishiri don neman sauri, yawansa yana yi wa yaro lahani. Kanwa kuma ba ta tsaya a madadinsa ba.

4. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan da cokali. In ya yi amai, a jira minti 10, a ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo.

5. Kada a hana shi nono ko abinci. A ba shi kunu da ayaba. A roƙi malamin asibiti ƙwayar zinki, ya sha kwana 10 zuwa 14.

In ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yaro ya ƙi sha, ko an ga jini cikin kashi, lalle a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ana ba shi ruwan a hanya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda.