Darasin Wannan Wata: Yadda Ɗan Manomi Zai Koyi Aikin Ɗaukar Hoton Asibiti

A karanta wannan darasi a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Dukanmu mun san yadda abin yake a ƙasar Garki. Mutum ya faɗo daga amalanke, ko babur ya kayar da shi, sai a kai shi wurin mai ɗori. Wani ɗorin yakan yi kyau, wani kuwa ƙafa ta warke a karkace, gama hannu ba ya ganin abin da ke cikin tsoka. In an je asibiti, likita ya ce sai an yi hoto, wani lokaci sai an dangana da Dutse ko Kano. Ko mun taɓa tunani cewa ɗanmu ko 'yarmu za su iya zama masu ɗaukar hoton nan?

1. Mene ne hoton eksire?

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske ran 8 ga Nuwamba, 1895. Ido ba ya ganin hasken, amma yana ratsa jikin mutum. Yana wuce tsoka da huhu da sauƙi, ƙashi kuwa yana tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto, huhu kuma duhu. Da haka ake ganin karaya, da alamun tarin fuka, da kuɗin da yaro ya haɗiye.

Mai ɗaukar hoto dabam, likitan da ke fassara hoto dabam. Mai ɗauka shi ne ke kwantar da majiyyaci daidai, ya auna ƙarfin haske, ya fitar da hoto mai kyau. In hotonsa ya ɓaci, likita ma ya ɓata.

2. Hanyar karatun

Hanyar tana farawa tun ajin farko na babbar sakandare, lokacin da yaro ke zaɓen kimiyya. Ana bukatar kiredit 5: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. A jarrabawar JAMB kuma zai rubuta Turanci, fizis, kemistiri da bayoloji. A nan ne yaran karkara suka fi faɗuwa, ba don rashin kai ba, sai don makarantu da yawa ba su da malamin fizis. Mu bincika makarantar tun kafin mu sa yaro.

A jami'a karatun shekara 5 ne. Ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Shekarar farko ana ƙarfafa kimiyya. Daga nan ɗalibi ya koyi ƙirar jikin mutum, ƙashi bayan ƙashi, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da halin hasken kansa. A shekarun ƙarshe yana shiga asibiti yana aiki a gaban manya; ɗaliban Bayero suna yin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Banda eksire, yana koyon sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu, wanda da sauti yake aiki, da manyan na'urori irin su CT da MRI.

Bayan digiri akwai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Tun 1987 gwamnati ta kafa hukumar yi wa masu wannan aiki rajista. Ba wanda ya isa ya yi aikin sai da lasisinta. Saboda haka kafin mu sayar da buhu ɗaya don biyan kuɗin makaranta, mu tabbata hukumar ta amince da makarantar. Takardar da ba ta kai ga lasisi, asarar noman shekaru ce.

3. Akwai hatsari?

Iyaye sukan ce hasken yana hana haihuwa. Gaskiya ne hasken in ya yi yawa yana cutarwa, kuma waɗanda suka fara aiki da shi a dā sun sha wuya. Yau kuwa ana koya wa ɗalibi ya tsaya nesa, bayan katanga ko rigar dalma, ya kuma rataya wani ɗan ma'auni mai nuna yawan hasken da ya taɓa shi. Kamar maganin feshi ne a gona: mai bin ƙa'ida ya tsira, mai ganganci ya ji jiki. Mace mai ciki kuma ta faɗa tun kafin a ɗauke ta hoto.

4. Aikin ƙungiyarmu

Shekara 5 ta fi ƙarfin gida ɗaya, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ƙungiya tana iya ware tiya ɗaya ta riɗi ko gero daga kowane mamba a kaka, a ajiye, a sayar lokacin da hatsi ya yi daraja. A rubuta kome a littafi, mutum biyu su sa hannu. Kada mu manta da 'yan mata. Mata da yawa, Kirista da Musulmi, sun fi sakewa in mace ce za ta duba su. Yaron da aka taimaka kuma a yi magana da shi tun farko, ya tuna da inda ya fito. Warkar da marasa lafiya aikin Ubangijinmu ne, wannan kuwa hanya ɗaya ce ta sa hannu a cikinsa.

Tambayoyi

1. Yara nawa ne a ekklesiyarmu ke karatun kimiyya yanzu? Suna da malamin fizis?
2. In wani ya karye yau, ina ne wuri mafi kusa da za a ɗauke shi hoto?
3. Tiya nawa za mu iya warewa bana, wa zai riƙe littafin?

A rufe da addu'a domin marasa lafiya da ɗalibanmu.