Ƙwayar Cutar Da Ke Bin Majinyaci Asibiti-Asibiti

Jama'a, idan ciwo ya gagari ƙaramin asibiti akan rubuta takarda a tura majinyaci zuwa babba. Hakan daidai ne, ya kuwa ceci rayuka ba iyaka. Amma ku sani, sau da yawa ba shi kaɗai ke shiga motar ba. Akwai ƙwayoyin cuta da suka saba da magani har ya daina kashe su. Sukan laɓe a hanjin mutum wata da watanni, shi bai sani ba, likita bai gani ba.

A watan Yunin 2011 aka ɗauko wata mata daga wani asibiti a Niyok zuwa babban asibitin bincike na gwamnatin Amurka da ke Bethesda, tana ɗauke da irin wannan ƙwaya mai suna Klebsiella. An san da ita, aka keɓe matar har aka sallame ta. Bayan 'yan makonni sai ga ƙwayar a jikin wani. Kafin a shawo kanta ta kama mutum 17, ita ce kuma ajalin shida. Da aka bi diddigi, har a magudanar wurin wanke hannu aka same ta, da cikin na'urar numfashin da aka riga aka wanke. To, nan fa an sani ke nan. Ina ga inda takardar ba ta ce komai ba?

Ƙwayar ba ta da fiffike. Hannu ke ɗaukarta, daga robar fitsari zuwa ƙarfen gado, daga gado zuwa ciwon na kusa. Idan mai ita ya samu sauƙi aka mayar da shi asibitin garinsu, ta samu sabon masauki. Shi ya sa a Holan, wanda ya kwanta a asibitin ƙasar waje sai an keɓe shi an gwada shi tukuna.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. A 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowa asara.

Saboda haka malam likita, ka rubuta maganin da aka ba majinyaci da abin da gwaji ya nuna. Kai kuma mai jinya, kada ka baro takardar a gida. Tafi da kwalayen maganin duka, har na kemis da kake jin nauyin faɗa, ka kuma wanke hannu da sabulu kafin ka taimaki na gadon kusa.